Yadda ake sauya sandar ƙafar keken lantarki

Darasin sana'a don makarantun yaƙi da jahilci

Manomin Attantane ya san darajar abin hawa. Ƙasar Mayahi ƙasar jigawa ce. Rairayi yana da yawa, garuruwa kuma suna nesa da juna. Mai zuwa kasuwa sai ya yi tafiya. Mai kai majinyaci asibiti sai ya yi tafiya. Mai neman takardar haihuwa a ofishin magajin gari, shi ma sai ya yi tafiya. A da jaki ne da raƙumi da doki. Daga baya amalanke da keke da babur suka zo. Yanzu wani sabon abin hawa ya fara shigowa manyan garuruwa, kamar Yamai da Maraɗi da Kano. Shi ne keken lantarki. Abin da ya sauka Maraɗi yau, gobe yana Tasawa da Mayahi, jibi yana ƙauye.

Tsadar mai ce ta sa mutane suke duban wannan keke. Ran 29 ga watan Mayu na 2023, gwamnatin Najeriya ta janye tallafin man fetur. Man da ake sayarwa cikin kwalabe a bakin hanya ya yi tsada. Cikin watan Maris na 2025 kuma aka yi ƙarancin mai a Nijar, motoci da babura suka yi dogon layi a gidajen mai. Keken lantarki ba ya shan mai. Bateri gare shi, ana cika shi da wutar gari ko da sola.

Amma kowane abin hawa yana da ciwonsa. Babban ciwon keken lantarki a hanyar rairayi da ramuka shi ne sandar ƙafa. Wannan darasi zai nuna mece ce sandar, me ke ɓata ta, da yadda ake sauya ta.

1. Mene ne keken lantarki?

Keke ne kamar kowane keke, sai dai yana da abubuwa huɗu da keken gargajiya ba shi da su. Na ɗaya bateri. Yawanci ƙarfinsa bolt 36 ne ko 48, an rubuta a jikinsa. Na biyu ɗan akwati mai raba wuta. Na uku abin murɗawa a hannu, kamar na babur. Na huɗu inji. A kekuna da yawa injin yana cikin tsakiyar ƙafar baya, ko ta gaba. Yana kama da ƙaramar ganga. A nan za a riƙa kiransa ganga.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun 1895 wani mutumin Amurka, Ogden Bolton, ya yi rajistar keke mai inji cikin ƙafar baya. Yau ƙasar Sin tana da kekunan lantarki fiye da miliyan 300, kuma daga can yawancinsu suke zuwa Afirka. A Benin da Togo ƴan kabu-kabu sun fara hawan baburan lantarki tun 2022.

Cikin ganga akwai sassa biyu. Akwai zuciya, wato naɗin wayar jan ƙarfe a kan ƙarfe. Akwai kuma jerin maganaɗisu da aka liƙa kewaye da ita. Idan wuta ta shiga naɗin waya, sai ta tura maganaɗisu, ganga ta juya, ƙafa ta juya. Kamar dutsen niƙa ne da ɗansa: ɗaya yana zaune, ɗaya yana motsi. Zuciya ita ce mai zama.

Injin iri biyu ne. Akwai babba mai faɗi, mai nauyi, wanda ba haƙora a cikinsa. Akwai ƙarami mai ƴan ƙafafun haƙora uku na roba mai tauri a ciki. Sanda tana cikin kowannensu.

2. Aikin sanda

Sanda ita ce doguwar ƙarfen da ta ratsa tsakiyar ƙafa. Da Faransanci sunanta « axe ». Wannan suna za a faɗa wa mai sayar da kayan gyara. Sanda ba ta juyawa. Ƙafa ce ke juyawa a kanta, bisa boris biyu, ɗaya dama ɗaya hagu.

A keken gargajiya aikin sanda ɗaya ne: ɗaukar nauyi. A keken lantarki aikinta uku ne.

Na ɗaya, tana ɗaukar nauyin mahayi da kaya.

Na biyu, tana riƙe zuciyar inji. Mai tura amalanke gaba, ƙafarsa tana tura ƙasa baya. Haka inji yake. Idan ya tura ƙafa gaba, sai ya nemi murɗa sanda baya, da ƙarfi daidai wa daida. Shi ya sa ba a bar sandar a zagaye ba. An fafe ta gefe biyu, don ta zauna daram cikin tsagar jikin keke. Kaurin sanda milimita 12 ne ko 14. Wurin da aka fafe milimita 10 ne.

Na uku, ta cikinta wayar wuta take bi. An huda sandar, ko an yi mata kwari, don waya ta shiga ganga. Wurin nan da aka huda shi ne mafi rauni. Nan take yawan karyewa.

3. Abin da ke ɓata sanda

Noti mai sako-sako. Wannan shi ne babban dalili. Idan noti ya saki, sanda tana motsi kaɗan-kaɗan cikin tsaga. Tana cin tsagar, tsagar tana cin ta. Wata rana sai ta juya gaba ɗaya. Ta naɗe waya, ta tsinka ta. Idan wayoyin suka taɓa juna, akwatin raba wuta yana iya ƙonewa. Noti ɗaya ya jawo hasara uku.

Kaya fiye da kima. Buhun hatsi mai tiya 40 kilo 100 ne. Jarka mai lita 25 idan ta cika da ruwa ta wuce kilo 25. Kekuna da yawa ba a yi su don su ɗauki fiye da kilo 120 ba, har da mahayi. Wanda ya aza buhu ya hau, ya wuce iyaka.

Ramuka da kututture. Gudu cikin rami da kaya yana lanƙwasa sanda.

Rairayi mai zurfi. Mahayi ya kafe, ya murɗa wuta duka don ya fita. Ƙafa ba ta motsi, ƙarfin duka yana komawa kan sanda da waya. Inji kuma yana zafi.

Ruwa. Da damina ana ratsa tabki da fadamar Gulbin Kaba. Ruwa yana bin waya ya shiga ganga. Boris ya yi tsatsa ya cije, ya ci sanda.

Faɗuwa. Idan keke ya faɗi ta gefen waya, bakin sanda yana yanke ta kamar wuƙa.

Ɗaurin ganganci. Wanda ya sa noti a karkace, ko ya sa notin da ba nasa ba, ya cinye zaren sanda. Zare shi ne tsagin da noti yake hawa kansa.

4. Alamomin ciwo

Ƙafa tana rawa, ko tana gogar jikin keke gefe ɗaya. Ana jin « ƙas » a baya duk sa'ad da aka tashi ko aka tsaya. Noti yana juyawa ba ya kamawa. Wayar da ta fito daga sanda ta murɗe, ko fatarta ta yage. Keke yana fizga, ko yana gurnani ba ya tafiya.

Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya sauka. Ya kashe wuta, ya tura keke zuwa gida. Sandar da ta tsage ba ta ba da sanarwa. Idan ta ƙafar gaba ce ta karye ana cikin gudu, mahayi da ka zai sauka.

Ba kowane ciwo ne yake bukatar sabuwar sanda ba. Idan bakin zare kaɗai ya ɗan lalace, ana gyara shi da ƙaramin magagari, a sa sabon noti. Idan waya kaɗai ta tsinke, waya za a sauya. Amma idan sanda ta lanƙwashe, ko ta tsage, ko zarenta ya cinye, ko wurin da aka fafe ya koma zagaye, to sai sabuwa.

Kada a miƙe lanƙwasasshiyar sanda da guduma. Ƙarfen da ya lanƙwashe aka miƙe shi ya yi rauni. Kada kuma a yi mata walda tana cikin inji. Zafi yana ƙona fatar naɗin waya. Maganaɗisun irin wannan inji kuma yana rasa ƙarfi idan zafi ya yi yawa.

5. Kayan aiki

Sifana mai lamba 18 ko 19 don sanda mai milimita 12. Mai lamba 21 ko 22 don sanda mai milimita 14. Ƙananan makullai masu kusurwa shida don sukurorin marfi. Abin kwance firiwil. Filaya. Guduma ta icce ko ta roba. Guntun gungume. Guntun bututun ƙarfe. Ƙarfen liƙin dalma, irin na masu gyaran rediyo da salula. Giris. Tsumma mai tsabta. Kwano don zuba sukurori. Alli ko fenti don yin shaida.

Sai kuma abu biyu da suka fi duka: littafi da alƙalami.

A zaɓi wurin aiki. Ɗaki ne ko rumfa inda iska ba ta kawo ƙura. A shimfiɗa tabarma ko buhu mai tsabta. Kada a buɗe inji a maƙera. Maganaɗisu yana jawo garin ƙarfe, kuma fitar da shi wuya gare shi. A nisantar da salula da agogo. A nisantar da yara.

6. Kwancewa

Mataki na 1. A cire bateri daga keke. A danna maɓallin kunnawa don sauran wutar da ke cikin akwati ta fita. Ba a taɓa waya bateri yana haɗe.

Mataki na 2. A kifar da keke. A raba mahaɗin wayar inji. A riƙe kan mahaɗin a ja, kada a ja waya.

Mataki na 3. Kafin a kwance noti, a zana cikin littafi yadda wasa-wasai suke jere, na dama da na hagu. Akwai wasa mai ɗan kunne da ke shiga cikin tsaga. A lura da inda kunnen yake duba. A kwance noti, a fitar da ƙafa. A zura wasa-wasan kowane gefe a igiya, yadda suka fito.

Mataki na 4. A cire firiwil da farantin birki, idan akwai.

Mataki na 5. A ja layi da alli daga marfi zuwa ganga, don a mayar da shi yadda yake. A kwance sukurorin marfi, a zuba su a kwano. A ɗaga marfi sannu, ana ɗan bugawa kewaye da gudumar icce. Wasu ƙananan injuna ba su da sukurori, marfinsu murɗa shi ake yi.

Mataki na 6. A fitar da zuciya. Maganaɗisu yana riƙe ta da ƙarfi ƙwarai. A ajiye gungume a ƙasa. A dasa bakin sanda, gefen da ba waya, a kan gungume. A kama bakin ƙafa da hannu biyu a danna ƙasa. Zuciya za ta ɓullo sama. Mutum na biyu ya kama ta ta sanda ya ɗaga. Kada kowa ya sa yatsa tsakanin zuciya da maganaɗisu. Idan ta kuɓuce ta koma, tana murƙushe yatsa. A rufe gangar da tsumma.

Mataki na 7. A dubi wayoyi. Akwai manya uku: mai ruwan ɗorawa, da tsanwa, da shuɗiya. Su ke kawo ƙarfi. Akwai ƙanana biyar: ja, da baƙa, da mai ruwan ɗorawa, da tsanwa, da shuɗiya. Suna zuwa wurin wasu ƴan abubuwa uku masu jin wucewar maganaɗisu, su ke gaya wa akwati lokacin da zai ba da wuta. Wani injin yana da ta shida, fara. A zana su duka cikin littafi. A rubuta launin kowace waya da wurin da take. Mai salula ya ɗauki hoto, amma ya rubuta kuma.

Nan amfanin karatu yake. Wanda ya dogara da ƙwaƙwalwa, bayan kwana bakwai yana jiran sanda ya manta. Takarda ba ta mantuwa.

Mataki na 8. A narkar da dalma, a raba wayoyi. A zaro wayar ta cikin sanda sannu. Idan ta yage ko ta ƙone, ita ma sai sabuwa.

Mataki na 9. A fitar da sanda daga zuciya. A matse take ciki. Akwai zobe mai baki da ke tare ta, a cire shi da filaya. Akwai kuma ɗan guntun ƙarfe da ke zaune cikin kwari, rabi a sanda rabi a zuciya. Shi ke hana zuciya juyawa. Kada ya ɓace. A yi shaidar gefen da waya take fita. A ɗora tsakiyar zuciya a kan bututun ƙarfe, yadda sanda za ta sami wurin sauka. Abin da ya fi kyau shi ne injin matsi na gareji. Idan babu, a ɗora katako a kan sanda a buga sannu-sannu. Nauyin ya zauna kan ƙarfen tsakiya kaɗai. Kada bututu ko guduma su taɓa naɗin waya. Naɗin waya shi ne ran inji.

A ƙaramin inji mai haƙora, ƴan ƙafafun nan uku suna kan wani faranti, shi ma yana da nasa zobe da nasa guntun ƙarfe. A fitar da su bi da bi, a jera su a kan tsumma yadda suka fito.

7. Neman sabuwar sanda

Sandar inji ba ɗaya ba ce. Kowane kamfani da tasa. Wanda ya je kasuwa ya ce « a ba ni sanda » kawai, zai dawo da wadda ba ta shiga.

A auna tsohuwar, a rubuta: tsawonta duka, kaurin zare, kaurin wurin da boris yake zama, kaurin wurin da zuciya take zama, da gefen da waya take fita. A rubuta suna da lambar da ke jikin ganga. A rubuta lambar boris, tana gefensa, misali 6002 ko 6202. A tafi da takardar da tsohuwar sandar tare.

Hanya uku ce. Ta ɗaya, a sayi sabuwa ta irin injin, a Maraɗi ko Katsina ko Kano. Ta biyu, a cire daga mataccen inji irinsa. Ta uku, a kai wa mai injin gurza ƙarfe ya yi wata. Idan haka ne, a tabbata ƙarfe mai tauri ya yi da shi, irin na sandar mota. Rodin gini ba ya yi, laushi gare shi. Araha ba ta ado.

A sauya boris biyu tare da sanda. Tsohon boris yana cin sabuwar sanda.

Idan an buɗe inji aka tarar naɗin waya ya yi baƙi yana warin ƙuna, ko maganaɗisu ya fashe, kada a ɓata kuɗi a kan sanda. Sabuwar zuciya ko sabuwar ƙafa ce magani.

8. Haɗawa

Mataki na 10. A goge ramin zuciya. A shafa ɗan mai a sabuwar sanda. A sa guntun ƙarfe cikin kwarinsa. A dubi shaida, don waya ta fita gefen da take a da. A matsa sanda ta shiga a miƙe, har ta kai iyakarta. A mayar da zobe.

Mataki na 11. A shafa bakin ramin waya da yatsa. Idan yana da kaifi, a goge shi da magagari. A zura waya. A buɗe littafi. A liƙa kowace waya da ƴar'uwarta da dalma, launi da launi. A rufe kowane liƙi da roba. A ɗaure wayoyi su kwanta, kada su taɓa marfi idan yana juyawa.

Mataki na 12. A sa sababbin boris cikin marafai. A bugi bakin waje na boris kaɗai, da katako. A goge maganaɗisu sarai, kada a bar ko ƙwayar rairayi. A inji mai haƙora, a shafa wa haƙoran giris daidai kima.

Mataki na 13. A mayar da zuciya. Nan ma da haɗari, don maganaɗisu zai fizge ta. A sa ƴan siraran kwali kewaye don kada ta bugi maganaɗisu. A riƙe ta ta bakin sanda, a sauke ta a miƙe. Yatsu su yi nesa. Idan ta zauna a zare kwalayen.

Mataki na 14. A shafa ɗan gam mai hana ruwa a bakin marfi. A daidaita layin alli. A ɗaura sukurori kaɗan-kaɗan, wannan sannan na gabansa, har su kama duka.

Mataki na 15. A mayar da firiwil da birki. A sa ƙafa. Wurin da aka fafe ya shiga tsaga har ƙarshe. Bakin da waya take fita ya dubi ƙasa idan keke yana tsaye, don ruwa ya zube waje. A jera wasa-wasai yadda littafi ya nuna. A ɗaure noti biyu tamau.

Idan tsagar jikin keke ta buɗe, sabuwar sanda ma za ta juya. Sai a je wurin maƙeri ya yi madogari. Madogari guntun ƙarfe ne mai kauri kamar milimita 5. Yana da rami daidai siffar sanda, gefe biyu a fafe. Ana zura shi a sanda, a ɗaure ɗayan bakinsa a jikin keke. Shi zai riƙa ɗaukar ƙarfin murɗa. Keke mai inji a ƙafar gaba ya fi kowa bukatarsa.

9. Gwaji

Ba a sa bateri tukuna. A juya ƙafa da hannu. Ta juya ba guga, ba ƙara.

A haɗa bakin manyan wayoyi biyu, a juya ƙafa. Za a ji ta yi nauyi tana cijewa. A raba su, ta saki. A yi haka sau uku: ɗorawa da tsanwa, tsanwa da shuɗiya, shuɗiya da ɗorawa. Nauyin ya zama ɗaya duk sau ukun. Idan ƙafa tana cijewa alhali ba a haɗa komi ba, wayoyi suna taɓa juna a ciki. Sai a sake buɗewa. Inji mai haƙora, baya ake juya ƙafarsa wurin wannan gwaji.

Sannan a haɗa mahaɗi, a sa bateri. A ɗaga ƙafa daga ƙasa, a murɗa wuta kaɗan. Idan ta juya sumul, aiki ya yi. Idan tana kakkarwa tana gurnani, a kashe nan take. An sauya wurin wata waya. A koma ga littafi.

A hau ba kaya, a yi kamar kilomita 1. A sauka a taɓa ganga, a gwada noti. Washegari a sake gwada shi.

10. Mai keken gargajiya fa?

Shi ma darasin ya shafe shi. Sandar bayan keken gargajiya takan lanƙwashe ta gefen sarƙa, saboda kaya. Sauya ta ya fi sauƙi, don ba waya ba maganaɗisu. Notinta lamba 15 ne. Yawanci ƙwayoyin boris 9 ne a kowane gefe na ƙafar baya. A ƙirga su, a wanke, a sa sabon giris. Kada a matse su ƙwarai, kada a bar su sako-sako. Don a gane ko sanda ta lanƙwashe, a mirgina ta a kan gilashi ko tebur mai santsi. Miƙaƙƙiya tana tafiya sumul, lanƙwasasshiya tana ɗingishi.

11. Rigakafi ya fi magani

A gwada noti kowace ranar kasuwa kafin a tashi. A karanta nauyin da aka rubuta a jikin keke, kada a wuce shi. Mazaunin kaya na baya yawanci kilo 25 ne iyakarsa. Buhu na amalanke ne. Idan an shiga rairayi mai zurfi a sauka a tura. Wurin tashi a taimaki inji da feda. Kada a ratsa ruwan da ya kai ganga. Kada a jingina keke ta gefen waya. Bateri kuma a cika shi da nasa abin caji, a inuwa, nesa da danni da rumbu, kuma da mutum a kusa.

12. Lissafi

Misali. Keke yana ɗaukar kilo 120. Nauyin mahayi kilo 65 ne. Saura kilo 55. Amma mazaunin kaya kilo 25 ne iyakarsa. Tiyar hatsi kilo 2 da rabi ce. Ke nan tiya 10 zai aza a baya, ba ƙari.

Aiki. Kuɗin da ke nan misali ne kawai. Malami ya sa na kasuwar garinsu. Sanda sefa 4.000. Boris biyu, kowane 750. Dalma da giris 500. Ladan mai gyara 3.000. Kuɗin mota zuwa Maraɗi da dawowa 5.000. Nawa ne duka? Dala nawa ke nan? Idan sabuwar ƙafa sefa 60.000 ce, jika nawa mai keke ya tsirar?

13. Tambayoyi

Sanda ce ke juyawa ko ganga?
Don me aka fafe sanda gefe biyu?
Me ake fara cirewa kafin a taɓa waya?
Manyan wayoyi nawa ne? A rubuta launinsu.
Don me ba a yi wa sanda walda cikin inji?
Ina bakin waya yake duba idan an mayar da ƙafa?
Mene ne aikin madogari?

Idan akwai mai gyaran keke ko maƙeri a garin, malami ya gayyace shi aji. Ya zo da tsohuwar sanda da boris. Kowane ɗalibi ya auna sandar, ya karanta lambar boris, ya rubuta a littafinsa. Samarin da suka iya gyaran keke, suka kuma iya karatu da awo, sana'a tana jiransu. Ranar da keken lantarki ya yawaita a Attantane, ba sai an ɗauki ƙafa zuwa Maraɗi ba, kuɗin gyara kuma a gari zai tsaya.